Harshe da Rigakafi: Koyar da Mutanen Karkara Kauce wa Haɗarin Lantarki

1. Gabatarwa

Wutar lantarki ta daɗe a birni, amma har yanzu baƙuwa ce a ƙauyuka da yawa. An fara kunna ta a Legas a 1896, aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, sa'an nan a 1972 aka kafa hukumar NEPA, wadda sunanta ya zauna a bakin jama'a har bayan da aka sauya ta da wani kamfani a 2005. Duk da wannan doguwar tafiya, a 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya wajen miliyan 85 babban layin wuta bai kai gare su ba, kuma galibinsu mutanen karkara ne. Tun da aka kafa Hukumar Samar da Lantarki a Karkara a 2006 ake ta ƙoƙarin cike wannan giɓi, wani wuri da falwaya da taransifoma, wani wuri da farantan sola. Watau ke nan akwai dubban garuruwa da za su yi baƙuncin lantarki a karo na farko, kuma manomi da makiyayi da matar gida ne za su zauna da ita dare da rana, bayan injiniya ya naɗe kayansa ya koma birni.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna cewa koyar da kauce wa haɗarin lantarki a karkara aiki ne na harshe kafin ya zama aikin injiniya. Mutum yana ɗaukar sabon abu ne gwargwadon sunan da aka ba shi. Akwai maganganu uku da Bahaushe ke yi kullum game da lantarki, kowace tana ɗauke da wani zato wanda ke iya kai mai shi kabari. Za a dubi waɗannan maganganu ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan wuraren da haɗari ya fi yawa a gona da daji da gida, daga ƙarshe kuma hanyar isar da saƙon.

2. "Wuta"

Kalmar lantarki aro ce daga Ingilishi, amma a maganar yau da kullum an fi cewa wuta kawai. Ba a yi sakaci wajen zaɓen sunan ba, domin abin yana haskakawa, yana dafa abinci, yana kuma ƙuna. Sai dai wanda ya ji an ce wuta, duk saninsa na wutar murhu da wutar daji shi zai ɗauko. Ya san wuta tana da harshe da hayaƙi, ana jin zafinta tun daga nesa, ana ganin lokacin da ta mutu. Uwa uba ya san maganinta ruwa, shi ya sa ake cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. To, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya dace da lantarki. Waya mai wuta da marar wuta kamarsu ɗaya a ido. Ruwa kuwa, wanda ke kashe wutar murhu, shi ne ke buɗe wa lantarki hanya zuwa jikin mutum.

Bayanin wannan bai fi ƙarfin manomin rani ba, tun da ya san yadda ruwa ke gudu. Abubuwa biyu ake aunawa. Na farko ƙarfin turi, wanda ake aunawa da bolt, kamar tsayin ruwan da aka tare a bayan madatsa. Na biyu yawan abin da ke kwarara, wanda ake aunawa da amfiya, kamar yawan ruwan da ke bin lambatu. Abin da ke kisa shi ne yawan abin da ya ratsa jiki, kuma ɗan kaɗan ya isa. In aka kasa amfiya ɗaya kashi dubu, mutum yakan fara jin tsikari da kashi 1. Daga kashi 10 zuwa 16 hannu yakan kasa sakin abin da ya riƙe. Daga kashi 50 zuwa 100, in ya ratsa ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya har ta daina tura jini. Busasshiyar fata tana tare wuta ƙwarai, amma mutumin da ya jiƙe da zufa, yana tsaye ba takalmi a cikin damshin fadama, in ya taɓa wayar gida mai bolt 230, abin da zai ratsa shi yana iya wuce kashi 200. Wannan shi ne dalilin da waya ɗaya za ta ɗan fizgi wani da rani ya yi dariya, ta kashe ƙaninsa da damina.

Darasi na farko ke nan da ya kamata mai koyarwa ya kafa a zukatan jama'a: wannan wuta ruwa abokinta ne. Ba a taɓa makunni da jiƙaƙƙen hannu, ba a tsoma yatsa a bokiti a ji ɗumin ruwa alhali hita tana ciki, ba a kuma watsa wa soket ko janareta ruwa in sun kama. A fara yanke wutar daga tushe, sa'an nan a zuba busasshen yashi.

In ana neman abin da za a kwatanta lantarki da shi, tsawa ta fi dacewa, domin ita ma lantarki ce, kamar yadda aka tabbatar da gwaje-gwajen Benjamin Franklin da wasunsa a 1752. Mutanen karkara sun riga sun san aradu tana neman ƙasa, tana bin doguwar bishiya, tana kashe wanda ya fake a gindinta. Wasu masu wayar da kai sukan kwatanta wayar da ta tsinke da maciji, amma a yi hattara da wannan misali, domin al'adar namiji in ya ga maciji a hanya ita ce ya nemi sanda ya kawar da shi.

3. "Ta ja shi"

Magana ta biyu ita ce wadda ake yi in haɗari ya auku: wuta ta ja wane. Wanda ya ji haka abin da zai zo masa shi ne ya ruga ya janye ɗan'uwansa, kamar yadda zai yi in ruwa ya ci shi. Gaskiyar al'amari kuwa wuta ba ta ja. Naman jiki ne ke ƙanƙancewa in ta ratsa shi, kuma da yake naman da ke dunƙule yatsu ya fi wanda ke buɗe su ƙarfi, sai hannu ya damƙe wayar ba da son mai shi ba. Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya ta Amurka ya yi shekaru yana auna wannan iyaka da mutum ke kasa saki, binciken da ya kai shi ga ƙirƙiro na'urar yanke wuta a 1961. Muddin mutum yana manne da waya, jikinsa ya zama waya, duk wanda ya kama shi ya shiga layi. Ta haka gida ɗaya kan yi rashin mutum biyu ko uku a cikin minti guda, uwa ta je ceton ɗa, maƙwabci ya je ceton uwa.

Don haka sai a koyar da ceto daki-daki. In wutar gida ce, a kashe babban makunni ko a zare fulogi ko a kashe janareta. In hakan ta faskara, mai ceto ya tsaya a kan busasshen katako, ya ture wayar da busasshiyar sanda. In kuwa babbar waya ce ta kan falwaya, mai bolt 11,000 ko 33,000, babu sanda ko gora ko takalmin roba da zai tare ta. Ƙaramar cikinsu ta ninka wutar gida kusan sau 50. Abin yi shi ne a tsaya nesa, a hana kowa matsawa, a aika wa ma'aikatan wuta. Wannan hukunci yana da ɗaci ga mai kallon ɗan'uwansa a kwance, shi ya sa ya wajaba a faɗe shi tun kafin ranar ta zo.

Akwai kuma wani zance da ya bazu, wai lantarki tana zuƙe jini, don haka da an ciro mutum sai a nemi madara a ɗura masa. Lantarki ba ta shan jini. Illarta ita ce tsayar da zuciya da numfashi, da ƙona nama ta ciki. Ɗura wa wanda ya suma madara yana iya shaƙe shi, kuma lokacin da aka ɓata wajen nemanta shi ne lokacin ceto, domin ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida babu jini. In ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6, har taimako ya zo. In ya farfaɗo a kai shi asibiti ko da ya ce garau yake ji, domin ɗan tabon da ake gani a tafin hannu ba ya nuna iyakar ɓarnar da aka yi a ciki.

4. "An ɗauke wuta"

Magana ta uku ta fi sauran yaudara, domin yawan yankewar wuta ya sa ta zama ruwan dare. In an ce an ɗauke abu, zuciya takan ɗauka cewa wurin ya zama wayam. Sai a ga yaro ya hau falwaya ciro gidan tsuntsu, ko mai gyara ya kama waya da hannu, ko mata sun shanya tufafi a kan wadda ta yi lauje, duk bisa dogaro da cewa yau kwana uku ba a kawo ba. Amma wadda aka ɗauke ba ta sallama in za ta dawo. Bugu da ƙari, in wani gida ya tayar da janareta ba tare da ya raba wayoyinsa da babban layi ba, wutarsa takan koma baya ta bi layin unguwa, taransifoma kuma ta ɗaga ƙarfinta zuwa dubbai, ta sami ma'aikacin da ke kan falwaya yana zaton layi a mace yake. Farantin sola ma muddin rana na dukansa yana ba da wuta, ko an kashe komai a cikin ɗaki. Ƙa'idar ita ce kowace waya a ɗauke ta mai rai ce, sai ma'aikacin da ya auna ta ya ce ta mutu.

Wayar da ta tsinke ta faɗi tana da wani haɗari da ba a cika sani ba. Wutar takan bazu a cikin ƙasa kewaye da inda ta faɗi, da ƙarfi a kusa, tana raguwa in ana nisa, kamar da'irar da ke fita in an jefa dutse a kududdufi. Wanda ya yi dogon taku, ƙafarsa ɗaya tana wurin da ke da ƙarfi, ɗayar tana wurin da ya ragu, sai wutar ta shiga ta wannan ta fita ta waccan, alhali bai taɓa komai ba. Saniya ta fi mutum shiga wannan haɗari, saboda tazarar da ke tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya, ga zuciya a tsakani. Irin wannan ce ta faru a ƙasar Norway a watan Agusta na 2016, inda tsawa ta kashe dabbobin dawa dangin barewa 323 a wuri ɗaya. Don haka a tsaya aƙalla mita 10 daga wayar da ta faɗi, watau kamar taku goma sha biyu zuwa sha uku na babban mutum. Wanda ya tsinci kansa kusa da ita ya haɗe ƙafafunsa, ya riƙa jan su a ƙasa kaɗan kaɗan har ya fita.

A nan ne masu sauraro kan yi tambayar da ba ta taɓa rasawa: me ya sa tsuntsu ke sauka a kan waya ba ta kashe shi? Mai koyarwa ya yi murna da ita, domin amsarta ta ƙunshi karatun duka. Tsuntsu waya ɗaya ya taka, bai taɓa ƙasa ko waya ta biyu ba, don haka wutar ba ta da inda za ta bi ta jikinsa. Mutum kuwa kullum ƙafarsa na ƙasa.

5. Inda haɗari yake a karkara

Littattafan rigakafi da yawa an rubuta su ne da gidan birni a zuciya. Haɗarin karkara dabam yake, kuma yana bin lokutan shekara.

Da rani makiyayi yakan hau bishiya ya sassabo wa dabbobi ganye, ɗanyen reshe kuwa cike yake da ruwa, in ya faɗa kan waya ya haɗa ta da mai saran. Yara kan ɗauki doguwar gora su kaɗo mangwaro. Masu noman rani, a Kadawa ko Bakalori ko kowace fadama, sukan ɗaga bututun ƙarfe tsaye don zazzage ƙasa, ba su dubi sama ba. Inda aka sa famfon lantarki, akan ja waya a ƙasa ta cikin kwami, an ɗaure mahaɗinta da leda, fartanya kuma tana bi ta kai. Ƙonan daji yana cin gindin falwayar katako, ta tsaya a raunane har iskar farko ta kayar da ita.

Da bazara da farkon damina guguwa ke tsinka wayoyi da kwashe rufin kwano, ƙasa kuma ta jiƙe. Da kaka manyan motoci ke ɗaukar kara da harawa da buhuna su yi tozo, yaran mota na zaune a bisa, a bi ta ƙarƙashin wayar da ta yi ƙasa. In mota ta taɓa waya, na ciki su zauna kada su sauko, domin mai saukowa shi ke haɗa ƙarfen mota da ƙasa. Sai fa in gobara ta tashi, to a yi tsalle da ƙafafu a haɗe, kada a taɓa mota da ƙasa a lokaci guda.

Akwai kuma gini a ƙarƙashin layi. Ƙa'idojin Nijeriya sun keɓe fili mai faɗin mita 11 ga layin bolt 11,000 da na 33,000, mita 30 ga na 132,000, mita 50 ga na 330,000, layin yana tsakiya. Amma da yake fili ne da aka share, nan ake kafa rumfar shayi da injin niƙa da gidan kallon ƙwallo. A watan Afrilu na 2017 babbar waya ta faɗa kan rufin wani gidan kallo a Kalaba, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 7. Irin wannan rumfa ta kwano yanzu da wuya a rasa ta a babban ƙauye. Gani ga wane ya ishi wane.

A cikin gida kuwa, abubuwa uku ne suka fi yin ɓarna: fis da ya ƙone aka maye shi da kaurin waya, tsirarar waya da ake cusawa a soket da tsinken ashana, da rashin wayar ƙasa wadda ke kwashe wutar da ta zurare zuwa jikin firji ko inji. Na'urar yanke wuta da aka ambata a baya takan katse layi cikin ƙiftawar ido da zarar kashi 30 cikin dubu na amfiya ya zurare, ya kamata a sa ta a kowane famfo da kowane gida. Janareta kuma a bar shi a waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iska mai guba marar wari wadda ke kashe masu barci.

6. Wa zai koyar, ta wace hanya?

Allon da aka rubuta gargaɗi da Ingilishi aka liƙa a jikin taransifoma ya sauke wa hukuma nauyi a takarda, amma bai koyar da kowa ba. Ƙasashen da suka riga mu sun gane haka. Lokacin da Amurka ta kafa hukumarta ta lantarkin karkara a 1935, gona ɗaya cikin goma ce kawai take da wuta. Hukumar ta ɗauki malamai irin su Louisan Mamer, suna yawo gari gari, suna kafa babbar tanti, suna nuna wa manoma da matansu yadda ake aiki da kayan wuta ba tare da an cutu ba. Arewacin Nijeriya ma ta san wannan hanya. Da majigi aka yi yaƙi da jahilci, da fim ɗin Baban Larai aka koyar da noman zamani, kuma har yau malaman gona suna shiga inda motar injiniya ba ta zuwa. Gani ya kori ji: ƙwan fitila da batir da kwanon ruwan gishiri sun isa a nuna wa taron jama'a cewa ruwa yana ɗaukar wuta.

Saƙon sai ya bi ta bakin wanda ake jin maganarsa. Manoma suna da sarkin noma, makiyaya suna da arɗo, direbobi suna da shugaban tasha, gari yana da dagaci da mai unguwa da liman. Matan da ke cikin gida su ne masu hita da dutsen guga, su ne kuma tare da yara masu rarrafe, amma ba sa zuwa dandali. Hanyar kai musu ita ce rediyo, da malamai mata na makarantun Islamiyya, da ungozoma, da ranar awo a asibiti. Yaran firamare kuwa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma su ne za su koma gida su hana kaka shanya a kan waya. Mai gyaran wuta na ƙauye, wanda ya koyi sana'ar a hannun ubangidansa, shi ya haɗa wayar yawancin gidaje. Horar da shi ya fi kora, domin ko an kore shi gobe shi za a kira.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Karatun wayar da ta faɗi kafin saukar damina ake yin sa, na lodin mota kafin kaka, na famfo da saran reshe a farkon rani. A sabon gari kuwa, a yi karatun kafin ranar da za a kunna wuta.

7. Kammalawa

An ga yadda maganganu uku na yau da kullum, wuta, ta ja shi, da an ɗauke, suke sa mutum ya watsa ruwa inda bai kamata ba, ya kama wanda bai kamata ya taɓa ba, ya kuma amince da wayar da ba ta mutu ba. Ba za a iya cire waɗannan kalmomi daga bakin jama'a ba, ba kuma a bukatar haka. Abin bukata shi ne mai koyarwa ya fara daga gare su, ya nuna inda suka yi daidai da inda suka kauce.

Wannan ya ɗora nauyi a kan ɓangarori uku. Sassan koyar da Hausa na jami'o'i su zauna da injiniyoyi da likitoci su daidaita kalmomin fannin, su gwada su a kasuwa da gona kafin a buga. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta ɗora wa duba ingancin kayan wuta da haɗa su, tare da kamfanonin rarraba wuta, su riƙa fitar da gargaɗinsu da Hausa da Fulatanci da Kanuri da sauran harsunan yankin, da boko da ajami, da hoton da marar karatu zai gane. Ma'aikacin gwamnati da ke tsara kwangilar kai wuta ƙauye kuwa ya sa kuɗin koyarwa a cikin kasafi, a layi ɗaya da kuɗin falwaya da taransifoma, kada kuma ya sa hannu cewa an gama aiki sai ya tabbatar mutanen garin sun san lambar da za su kira da nisan da za su tsaya in waya ta faɗi.